Ganyen da Ke Farautar Ƙuda: Tarihin Tsirrai Masu Cin Ƙwari

A ranar 2 ga Afrilun 1759, Arthur Dobbs, dattijon da Ingila ta naɗa gwamnan Karolina ta Arewa a Amurka, ya aika wa abokinsa Peter Collinson wasiƙa zuwa Landan. Collinson ɗan kasuwar yadi ne, amma lambu ya mallake masa zuciya. Duk baƙon tsiron da aka gano a ƙetaren teku yana so ya ji labarinsa, in da hali ma a aiko masa da iri. A cikin wasiƙar Dobbs ya ambaci wani ɗan tsiro mai kama ƙuda, wanda ganyensa ke rufewa a kan duk abin da ya taɓa shi. A Janairun 1760 ya sake rubutawa, ya faɗaɗa bayani: ganye ne mai ɓari biyu, gefensa da haƙora, yana datsewa irin yadda tarkon ƙarfe na maharba ke yi. Waɗannan wasiƙu su ne farkon abin da Turai ta samu a rubuce game da tsiron da masana suka sa wa suna Dionaea daga baya, wanda a yau ake sayarwa cikin 'yan tukwanen roba a shagunan Turai da Amurka da Asiya, ana cewa maganin ƙudan gida ne.

Wannan alkawari na masu sayarwa ya cancanci a bi diddiginsa, domin tun ranar da mutum ya gane akwai ganye mai kama ƙwaro yake son mai da shi ma'aikacin ɗaki da tsakar gida. Fiye da shekara 260 ke nan, kuma tsiron bai taɓa karɓar aikin ba.

Duk faɗin duniya, Dionaea ba ya fitowa da kansa sai a wani ɗan yanki na Karolina ta Arewa da ta Kudu, tazarar da ba ta wuce kilomita 160 daga garin Wilmington ba. Ƙasar wurin yashi ce mai jiƙe, mai tsami, ruwan sama ya wanke duk wani taki da ke cikinta. Wutar daji kan ratsa ta bayan 'yan shekaru, ta ƙone ciyayin da za su yi wa gajerun tsirrai inuwa. Tsiron kansa bai fi tafin hannu ba. Ganyensa a shimfiɗe suke kusa da ƙasa, kowanne da tarko a ƙarshensa, cikin tarkon ja, kowane ɓari da siraran gashi guda uku.

Kai shi Ingila da rai ya ba mutane wuya. John Bartram, manomi kuma masanin tsirrai na Filadelfiya, ya yi ta aika iri da busassun ganye. Sai a 1768 wani matashi mai suna William Young ya tsallaka teku da tsirrai masu rai, suka isa Landan lafiya. John Ellis, ɗan kasuwa mai sha'awar nazarin halittu, ya gan su da idonsa, ya ba tsiron suna, ya sa aka zana shi, sannan a 1769 ya rubuta wa Carl Linnaeus na Suwidin, wanda a lokacin babu mai ja da shi a ilimin tsirrai. Ellis ya fito fili ya ce yana ganin tsiron nan abinci yake nema: zaƙin da ke bakin ganyen shi ke jawo ƙwaro, tarkon kuma ya rufe a kansa. Ya yi kuskure ɗaya, domin ya zaci gashin nan uku soke ƙwaron suke yi su kashe shi. Amma gundarin maganar ya same ta.

Linnaeus ya yaba da tsiron, ya kira shi abin al'ajabi, amma batun ci ya ƙi yarda da shi. A ganinsa tsarin da Allah ya shimfiɗa shi ne dabba ta ci tsiro, don haka tsiro ya ci dabba saɓa wa wannan tsari ne. Ya ce ganye ne kawai mai jin taɓi, irin waɗanda ke naɗewa in an taɓa su, kuma da zarar ƙwaron ya daina motsi za a sake shi. Girman sunan Linnaeus ya sa maganar ta kwanta kusan shekara ɗari. Abin lura a nan shi ne, Linnaeus da niyyar girmama Mahalicci ya yi wannan musu, amma sai ya ƙare da auna ikon Allah da ma'aunin abin da idon ɗan Adam ya saba gani. Ga tsiron a gabansa, yana yin abin da aka halicce shi ya yi, amma ka'idar da ya riƙe ta hana shi gani.

Waɗanda suka ci gaba da sa ido ba manyan jami'o'i ba ne. A 1834 Moses Ashley Curtis, malamin coci da ya zauna a Wilmington, ya rubuta cewa gashin nan su ne majiyar tarkon, kuma ya sha buɗe ganye ya tarar da ƙwaro cikin wani ruwa mai yauƙi da ke narkar da shi. A 1868 William Canby, wani ɗan kasuwar Amurka, ya ba ganyen gutsuren naman sa ya ga sun narkar da shi. Da ya ba wani ganye cuku, ganyen ya yi baƙi ya mutu. Wannan darasi har yau masu sayen tsiron suna maimaita shi a gidajensu, su cusa masa nama mai kitse su wayi gari tarkon ya ruɓe.

Mutumin da ya kashe gardamar shi ne Charles Darwin, kuma ba da Dionaea ya fara ba. A damunar 1860, shekara ɗaya bayan littafinsa kan asalin jinsunan halittu ya tayar da ƙura, ya je hutu wajen dangin matarsa a Hartfield, kudancin Ingila. A can ya lura da wani ƙaramin tsiro na fadama mai suna Drosera. Ganyensa cike yake da jajayen gashi, kowane gashi da ɗigo mai ƙyalli a kansa, sai ka ce raɓa, alhali danƙo ne. Yawan ƙwarin da ya gani maƙale a kai ya ba shi mamaki. Ya kwashi tsirrai ya kai gida, ya shiga gwaji. Kafin ƙarshen shekarar ya rubuta wa abokinsa Charles Lyell cewa a halin da yake ciki Drosera ya fi damunsa a kan asalin duk jinsunan duniya.

Haƙurin da ya yi a kan wannan ɗan ganye shi ya fi burge ni a labarin gaba ɗaya. Ya ɗiga masa madara, ya aza masa farin ƙwai, da ɗanyen nama, da gasasshe, da guntun ƙashi, da guringuntsi. Ya gwada ruwan sukari da ƙaro da man zaitun. Ya gwada gishiri kala-kala, har da dafin maciji. Abin da ya fito fili shi ne ganyen yana bambancewa. In abin da aka aza masa yana ɗauke da sinadarin naitirojin, gashin sai su lanƙwaso ɗaya bayan ɗaya su lulluɓe shi, su fitar da ruwa mai tsami mai narkar da nama, ruwan da ya yi kama da na cikin dabba. In kuwa sukari ne ko ƙaro, ko kallo ba ya yi musu. Ɗigon ruwan sama mai nauyi ba ya motsa shi, amma ɗan guntun gashin mutum da ido ke gani da ƙyar yana sa shi lanƙwasa. Darwin ya ajiye aikin, ya koma kansa, ya sake ajiyewa, har shekara 15, kafin littafinsa kan tsirrai masu cin ƙwari ya fito a Yulin 1875.

Bai yi aikin shi kaɗai ba. A 1873 ya sa likita John Burdon-Sanderson na Landan ya jona na'urar awon lantarki a ganyen Dionaea, sai aka ga in an taɓa gashin wani motsin lantarki yana ratsa ganyen, irin wanda ake gani a jijiyar dabba. A 1874 Joseph Hooker, shugaban lambun tsirrai na Kew, ya tsaya gaban taron masana a Belfast ya nuna cewa Nepenthes, tsiron Asiya da Madagaska mai rataye tuluna a ƙarshen ganyensa, shi ma yana narkar da nama da farin ƙwai a ruwan da ke cikin tulun. Duk da haka masu musu suka ce to, ya kama, ya narkar, amma ina shaidar cewa ya amfana? Ɗan Darwin, Francis, shi ya ba da amsa a 1878. Ya shuka Drosera kusan 200 a cikin faranti, ya raba kowane faranti biyu, ya rufe su don kada ƙwari su shiga. Ɓangare ɗaya ya riƙa ba su gasasshen nama, ɗayan ya bar su haka. Waɗanda aka ciyar suka fi fure, suka fi 'ya'ya, nauyin irinsu ya kusa ninka na 'yan uwansu sau huɗu.

Daga nan dalilin ya bayyana, kuma shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Waɗannan tsirrai, waɗanda yanzu an san jinsunansu fiye da 600, daga hasken rana suke samun ƙarfinsu kamar kowane ganye. Abin da suke nema a jikin ƙwaro shi ne takin da ƙasarsu ta hana su, wato naitirojin da fosfaros. Buƙatarsu kaɗan ce. Tsiron da ya samu ƙwaro biyu ko uku a wata ya wadatu. A dazukan Saliyo da Laberiya da Kwaddibuwa akwai wani mai yaɗo, Triphyophyllum, wanda ba ya ma fitar da ganyen danƙo sai a wani ɗan lokaci na rayuwarsa. An tabbatar da cin ƙwarinsa a 1979, kuma a 2023 masu bincike a Jamus suka nuna cewa ƙarancin fosfaros ne ke sa shi farauta. In ya samu abin da yake so a ƙasa, ƙuda na iya wucewa ta gabansa lafiya.

Tun kafin masana su gama gardamarsu, talakawan ƙauye sun riga sun sa wasu daga cikin tsirran nan aiki. Darwin ya samu labari daga W. C. Tait, wani Bature mazaunin Porto a Fotugal, cewa a busassun tsaunukan da ke kewaye da garin akwai tsiro mai dogayen siraran ganye masu danƙo, mai ƙanshin zuma, sunansa Drosophyllum. Mutanen ƙauyukan sukan cire shi su rataye a bukkokinsu don ya kama ƙudaje. Tait ya aika wa Darwin tsirrai masu rai, kuma Darwin ya lura cewa ko a farkon Afrilu, lokacin da sanyi bai saki Ingila ba kuma ƙwari ba su da yawa, wanda ke ɗakin gilashinsa ya cika da su. A yankin Kef na Afirka ta Kudu ma manoma sun riƙa yanko rassan wani ƙaramin itace mai suna Roridula su rataye a rufin ɗaki. Danƙonsa ƙaro ne mai ƙarfi wanda ruwa ba ya wankewa. Wannan itace yana da nasa abin mamaki, domin ba ya narkar da abin da ya kama. Akwai wasu ƙananan ƙwari da ke yawo a kansa danƙon bai riƙe su ba, su ke tsotse waɗanda suka maƙale, itacen kuma ya sha kashinsu ta ganye. Sai a 1996 aka tabbatar da haka.

A duba da kyau abin da ƙauyawan Fotugal da na Kef suka yi. Ba su reni tsiro a tukunya suna jiran ya ƙoshi ba. Sun yanko reshe mai ɗaruruwan ɗigon danƙo, suka rataye inda ƙudaje ke taruwa, in ya cika su yar su yanko wani. Danƙo ba ya ƙoshi, ba ya hutu, ba ya zaɓe. A duk tarihin nan, wannan ita ce hanyar da ta taɓa rage ƙuda a ɗaki da gaske, kuma ita ce har yau masu renon furanni a ɗakunan gilashi ke bi idan suka jera Pinguicula, mai ganye mai maiƙo, a tsakanin tukwanensu don ya kama ƙananan ƙudajen da ke fitowa daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Hausawa sun ce ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu, kuma ƙanshin zumar Drosophyllum ya gaskata su.

A birane kuwa labarin ya ɗauki wata hanya. Attajiran Ingila na ƙarni na 19 sun haukace da tara Nepenthes, kamfanonin shuka irin na Veitch suna tura mutane Borniyo su kwaso. A 1858 wani Bature mai suna Hugh Low ya samo mafi girmansu a dutsen Kinabalu, Hooker ya sa masa suna Nepenthes rajah a shekarar da ta biyo, kuma an ruwaito samun mataccen ɓera a cikin tulunsa. Jaridu ba su tsaya nan ba. A Afrilun 1874 wata jaridar New York ta buga labarin wai wani Bajamushe ya ga itace a Madagaska ya haɗiye mace a gaban wata ƙabila. Babu Bajamushen, babu ƙabilar, babu itacen. Wani ɗan jarida ne ya ƙaga. Amma ƙaryar ta zaga duniya shekaru da dama, ta bar wa mutane hoton tsiro mai haɗama wanda ba ya ƙoshi. Da wannan hoton a ka mutum yake sayen ɗan tsiron da bai kai tafin hannu ba, yana sa ran ya share masa gida.

A daidai wannan zamani ne kuma aka gane cewa ƙwarin gida sun wuce abin haushi. A 1897 Ronald Ross ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin sauro a Indiya. A 1898, lokacin yaƙin Amurka da Sifaniya, taifot ya kashe sojojin Amurka a sansanoninsu fiye da yadda harsashi ya kashe a fagen daga, kuma likitocin da suka bincika sun ga ƙudaje na tashi daga ramukan bahaya su sauka a kan abinci. Neman makami ya tashi haiƙan. Takardar danƙo da wasu 'yan uwa masu suna Thum suka fara sayarwa a Michigan a shekarun 1880, irin dabarar ƙauyawan Fotugal ce, amma a kan takarda. Garin furen pyrethrum, wanda ya fito daga Farisa da gaɓar tekun Adiriyatik kafin Kenya ta karɓi nomansa, shi ya haifi turaren sauro na Japan, wanda Eiichiro Ueyama ya fara yi a miƙe a 1890 kafin a naɗe shi ya zama igiyar da muke kunnawa da dare. A 1939 Paul Müller na Suwizalan ya gano ƙarfin maganin ƙwari na DDT, aka ba shi kyautar Nobel a 1948, amma tun kafin a miƙa masa ita an riga an samu ƙudaje a Suwidin da Italiya da maganin ba ya kashewa. Gudun guba da gajiya da magungunan da ƙwari ke saba wa su ne suka dawo da hankalin mutane kan tarkon ganye. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin da aka yayyafa fiya-fiya ya tashi da ciwon kai ya san dalilin wannan buri, kuma buri ne mai kyau.

Sai dai lissafi ba ya goyon bayansa. Binciken zamani ya ƙara fito da hikimar Dionaea, kuma kowace hikima da aka gano ta tsimi ce. Taɓa gashi sau ɗaya ba ya rufe tarkon; sai an taɓa sau biyu a cikin sakan 20 zuwa 30, don kada ya ɓata ƙarfinsa a kan ɗigon ruwa ko busasshen ganye. In ya tashi rufewa, kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan ya ishe shi, kamar yadda masu bincike suka auna da kyamara mai sauri a 2005. Ko bayan ya rufe ba ya datsewa gaba ɗaya nan take: yana barin 'yan kafofi tsakanin haƙoran, kuma Darwin ya fassara haka da cewa masunci ne ke barin ƙananan kifi su fice ta idon koma. A 2016 Rainer Hedrich da abokan aikinsa a Jami'ar Würzburg ta Jamus suka nuna cewa sai abin da ke ciki ya ci gaba da motsi, taɓin ya kai biyar, sannan ruwan narkarwa ke kwararowa sosai. Daga nan tarkon zai zauna a rufe kwana biyar zuwa goma sha biyu. In ya ci sau uku ko huɗu, ya gama aikinsa, ya yi baƙi ya mutu.

A gefe guda, macen ƙuda ɗaya tana iya saka ƙwai kusan 500 a rayuwarta, kuma in da zafi da juji ko kashin dabbobi, kwana bakwai zuwa goma sun isa ƙwan ya zama ƙuda mai tashi. Kafin tarko ɗaya ya buɗe daga cin ƙuda guda, 'ya'yan 'yar uwarta sun cika tsakar gida. Ƙari a kan haka, ƙuda ba shi ne abincin Dionaea na yau da kullum ba. Waɗanda suka buɗe tarkuna a dajin Karolina sun tarar mafi yawan abin da ke ciki masu rarrafe ne, tururuwa da gizo-gizo da buzuzu da ƙananan fara. Masu tashi kaɗan ne ƙwarai. Sauro ya yi ƙanƙanta ya motsa gashin yadda ake so, kuma macen da ke neman jini numfashin mutum da warin jikinsa take bi. Kyankyaso yana bayan kwaba da cikin masai, da dare yake fita. Kuɗin cizo yana cikin ɗinkin katifa da tsagar gado, ba ya cin komai sai jini, babu zaƙin ganyen da zai fito da shi.

Akwai ma inda abin ke juyewa. Tsirrai masu tulu suna tara ruwa, kuma wasu sauraye sun mayar da wannan ruwa gidan haihuwa. A Arewacin Amurka akwai sauron da ake kira Wyeomyia smithii wanda tsutsarsa ba ta girma ko'ina sai cikin tulun Sarracenia purpurea, tana cin ragowar abin da tsiron ya kama. Tulunan Nepenthes ma suna renon nasu. Mafi yawan waɗannan ba su dami mutum ba. Haɗarin da ya fi kusa shi ne farantin ruwan da ake ajiye tukunyar a ciki, domin tsirran fadama ne, dole gindinsu ya zauna a jiƙe. Tsaftataccen ruwa a kwance cikin ƙaramin mazubi a cikin gida shi ne abin da sauron Aedes, mai kawo shawara da zazzaɓin dengi, ya fi so. Mutum ya sayi maganin sauro, ya ƙare da kiwonsa.

Wanda ya kawo Dionaea ƙasar Hausa zai gamu da wasu matsalolin daban. Ruwan rijiya da na burtsatse suna da gishirin ƙasa da ke ƙone saiwarsa, sai ruwan sama ko tataccen ruwa. Taki kashe shi yake yi. Yana buƙatar watanni na sanyi ya yi barci kowace shekara, busasshiyar iskar hunturu da zafin bazara kuwa ba irin nasa ba ne.

Kasuwar da wannan buri ya buɗe ta cutar da tsiron a gidansa. Shekaru da dama mutane na shiga dazukan Karolina da cokali da buhu suna tone shi su sayar a kan 'yan kuɗi kaɗan, tarar da doka ta tanada kuma ba ta wuce dala 50 ba. A Disambar 2014 Karolina ta Arewa ta mai da satarsa babban laifi mai kai mutum kurkuku, kuma a Janairun 2015 aka kama mutum huɗu da tsirrai 970 a dajin Holly Shelter. Yanzu akasarin waɗanda ke shaguna a ɗakin gwaji ake hayayyafa su, wannan ci gaba ne. Amma gine-gine, da janye ruwan fadamu, da hana wutar dajin da tsiron ke dogaro da ita sun cinye mafi yawan wuraren da yake fitowa a da. Abin takaici ne a ce halittar da babu irinta a ko'ina ta ƙare a bakin taga, ta mutu cikin wata biyu, saboda aikin da ba nata ba.

In akwai inda fata ya rage, to a cikin ruwa yake, wajen wani tsiro da ba ya da kyan da zai sa a saye shi. Utricularia ba ya da saiwa. Yana shawagi a tafki, siraran rassansa ɗauke da ɗaruruwan 'yan jakunkuna da ba su fi ƙwayar gero ba. Darwin ya zaci ƙananan halittun ruwa da kansu suke tura ƙofar jakar su shiga. Wadda ta gyara masa ita ce Mary Treat, wata mata a garin Vineland na New Jersey, wadda ta fara musayar wasiƙa da shi a 1871. Ta zauna dare da rana a kan madubin ƙara girma, tana kallon tsutsotsin ruwa, har ta ga cewa zuƙe su ake yi farat ɗaya. Ta buga abin da ta gani a 1876, Darwin kuma ya karɓi gyaran. Yau an san jakar tana fitar da ruwan cikinta ta lotsa, in abu ya taɓa gashin bakin ƙofa sai ta buɗe ta zuƙe shi cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na sakan, sannan ta sake ɗana kanta. Wannan tarko ba ya jiran mako guda, kuma tsiro ɗaya yana da ɗaruruwansa.

Tun 1930 Robert Matheson na Jami'ar Cornell ya rubuta a kan amfani da tsirran ruwa, har da wannan, wajen rage sauro, amma zuwan DDT ya sa aka manta da zancen. A 2020 masu bincike a Jami'ar Rhode Island suka sake gwadawa a ɗakin gwaji, suka sa wani jinsin Utricularia a mazuban ruwa masu tsutsar Aedes, kuma cikin 'yan kwanaki ya cinye mafi yawansu. Gwajin ɗaki ne, bai kamata a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Sauron da ya fi kawo zazzaɓi a ƙasashenmu, Anopheles gambiae, a ƙananan kududdufai na ɗan lokaci yake haihuwa, har da sawun kofaton shanu, inda babu tsiron da zai zauna. Sauron Culex kuma ruwan kwata yake so, wanda ƙazantarsa ke kashe Utricularia. Amma akwai Anopheles funestus, mai son tafkuna da fadamu masu ciyayi waɗanda ba sa ƙafewa da wuri, akwai kuma randuna da tankunan da ake ajiye ruwa a gidaje.

Wannan tsiro ba sai an yi odarsa daga Karolina ba. Jinsunansa da dama, irin su Utricularia stellaris da Utricularia gibba, suna cikin tafkuna da fadamun Afirka ta Yamma, suna ɗago 'yan furanni ruwan ɗorawa a saman ruwa, tsakanin bado da kainuwa, masunta da masu wanki suna wucewa ta kansu kullum. Ina kira ga malaman tsirrai da na ƙwari a jami'o'inmu, daga Zariya da Kano zuwa Maiduguri da Maraɗi, su tura ɗalibansu bakin tafki da bokiti da madubi, su auna mana abin da namu jinsunan ke yi wa tsutsar namu saurayen. Kafin sakamakon ya fito, mai gida ya rufe masai da randa, ya kwashe juji da kashin dabbobi kafin mako ya zagayo, ya zubar da duk ruwan da ya kwanta a gwangwani ko tsohuwar taya, ya kuma tabbata yaransa sun kwana a gidan sauro.